Tarihin Yadda Aka Gano Tafasar Da Ke Cikin Rana Da Taurari

A ƙasar Kaugama, da sauran garuruwan da ke gefen fadamar Kogin Haɗejiya, ba wani dattijon manomi da bai san Kaza da 'ya'yanta ba. Da hunturu ta kan tsaya a tsakar ka bayan lisha. Da bazara ta yi nisa ta kan gangara yamma har ta ɓace, sa'an nan ta sake ɓullowa ta gabas da asuba cikin watan Yuni, lokacin da damina ke kankama. Mutanen dā ba su da agogo, ba su da kalanda ta takarda, saboda haka sama ita ce littafinsu. Sun san lokacin fitowar taurari da lokacin faɗuwarsu, amma abin da ke cikin tauraro, da abin da ya sa ya ke haske bai mutu ba, wannan sai daga baya aka binciko shi, bayan wahalar mutane da yawa cikin shekaru fiye da 150.

Sanin Taurari A Ƙasar Hausa

Tun da daɗewa malaman ƙasar nan sun riƙe lissafin manzilai 28, watau masaukan wata, inda su ke ba ko wane tauraro kwana 13, ɗaya kuma su ba shi 14, shekara ta cika kwana 365. Da wannan lissafi su ke gaya wa manoma shigar taurarin damina, irin su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. A cikin waɗanda suka yi zurfi a wannan fanni akwai Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillatani Bakatsine, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya wallafa littattafai a kan hisabi da falaki, ya rasu can a shekarar 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne.

Ilmin da suka riƙe na tafiyar taurari ne da lokatansu. Daga baya, da aka sami madubin hangen nesa, an tabbatar da abubuwa biyu. Na ɗaya, Zara matar wata, wadda ita ce kuma Gamzaki, watau Zuhura, ba ta da hasken kanta, na rana ta ke arowa. Na biyu, rana kanta tauraro ce kamar sauran taurari, kusancinta ne kawai ya sa ta fi su girma a ido. Nisanta da duniya mil miliyan 93 ne, faɗinta kuwa kamar mil 865,000. To, wanda ya ke son sanin cikin taurari, tilas ya fara da ita.

Ƙwayoyin Shinkafa A Fuskar Rana

Duban rana kai tsaye yana makantar da mutum, balle da madubi. Masana su kan tace haskenta tukuna, ko su jefa hotonta a kan farar takarda. A 1801 William Herschel, a Ingila, ya lura fuskar rana ba sumul ta ke ba, tana da dabbare-dabbare. Waɗansu masanan Ingila da suka biyo bayansa suka kamanta abin da ƙwayoyin shinkafa da aka baza a faifai. A 1877 wani Bafaranshe, Jules Janssen, ya ɗauki hotonsu, gardama ta ƙare a kan ko akwai su ko babu.

Ƙwayoyin nan ba ƙanana ba ne. Ko wace ɗaya faɗinta ya kai kimanin mil 600, watau kamar tafiyar Kano zuwa Ikko. Amma ba ta daɗewa, cikin minti 10 ko kusa da haka sai ta watse, wata ta maye wurinta. Tambayar da ta dami masana ita ce, mene ne wannan?

Amsar tana cikin madafa. Zafi yana da hanya uku ta tafiya. Ta fari ita ce wadda maƙeri ya sani, in ya sa kan ƙarfe a wuta sai zafi ya bi jikin ƙarfen har ya iso hannunsa. Ta biyu ita ce ta mai jin ɗumi da hunturu, wanda zafin wuta ke dukan fuskarsa daga nesa ba tare da ya taɓa ta ba, watau zafin da ke tafiya tare da haske. Ta uku ita ce ta tukunya. Ruwan da ke gindin tukunya ya kan yi zafi, ya yi sakayau, ya taso sama da zafinsa, ya huce, ya yi nauyi, ya koma ƙasa ta gefe. Ita ce kuma ke ɗaga shirwa da ungulu a kan fadama da tsakar rana, su yi ta shawagi ba su kaɗa fiffike ba, domin iska mai zafi ce ke tasowa daga ƙasa tana ɗauke da su. Ƙwayoyin shinkafar nan kawunan iska mai zafi ne da ta taso daga cikin rana, baƙin layin da ke tsakaninsu kuwa iskar da ta huce ce tana komawa.

Rana Ta Takarda

Ba wanda zai iya shiga cikin rana ya auna. Saboda haka masana suka yi dabara, suka gina rana a kan takarda. Su kan ɗauki nauyinta, su rarraba ta hawa hawa kamar albasa, su lissafa irin dannin da ko wane hawa ke sha daga na bisansa, da irin zafin da zai hana shi rugujewa. Wani mutumin Amurka, Homer Lane, shi ne ya fara yin wannan a 1870. Shi da Lord Kelvin na Birtaniya sun ɗauka rana duka tafasa ta ke yi, daga tsakiya har fuska.

A shekarar 1906, wadda a cikin watan Afrilunta ne Turawa suka yaƙi Haɗejiya aka kashe Sarki Muhammadu, wani Bajamushe mai suna Karl Schwarzschild ya fitar da ƙa'idar da har yanzu a ke aiki da ita. Ga yadda ta ke. A ce wani dunƙulen iska ya ɗan motsa sama. Da ya hau, dannin da ke kansa ya ragu, sai ya buɗe, ya ɗan huce. In bayan hucewar nan har yanzu ya fi iskar da ya tarar a can zafi, to, ya fi ta rashin nauyi, zai ci gaba da hawa, wurin kuwa zai tafasa. In kuwa ya fi ta sanyi, sai ya koma inda ya fito, wurin ya zauna lafiya, haske ya ɗauki zafin ya wuce da shi. Schwarzschild bai daɗe ba, ya rasu a 1916, bayan cutar da ta kama shi a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Bayansa ra'ayi ya juya. Arthur Eddington na Ingila, cikin littafinsa na 1926, ya nuna haske ne ke ɗaukar zafi a mafi yawan cikin tauraro. Shi ne kuma tun 1920 ya yi zaton makamashin rana wata iska ce marar nauyi mai suna haidirojin, wadda ke narkewa cikin juna ta zama wata mai suna hiliyam. A 1925 wata mace, Cecilia Payne, ta nuna haidirojin ce ta fi yawa ƙwarai a jikin taurari, a 1939 kuma Hans Bethe ya bayyana yadda ƙonewar ke gudana. Zafin tsakiyar rana ya kai awo miliyan 15, na fuskarta kuwa kamar 5,500, bisa ma'aunin da ruwa ke tafasa a kan 100.

To, in haske ne ke ɗaukar zafi, daga ina ƙwayoyin shinkafa suka fito? A 1930, shekarar da jirgin ƙasa daga Kano ya isa Nguru ta Malam Maduri, Albrecht Unsöld na Jamus ya warware wannan. Ya nuna a ƙarƙashin fuskar rana iskar ta kan yi duhu, ta tare wa haske hanya kamar yadda kaba da ciyawa ke toshe bakin rafi. Zafi ya taru ya rasa mafita, sai wurin ya tafasa. Ashe Lane da Eddington ko wanne yana da rabin gaskiya: cikin rana a natse ya ke, bayanta ne ke tafasa.

Zangon Fatake

Sanin wurin da ke tafasa abu ɗaya ne, sanin yawan zafin da tafasar ke ɗauka wani abu ne dabam. Wanda ya tsaya a bakin Kogin Haɗejiya da ambaliya ya ga yadda ruwa ke murɗawa, babban murɗi yana haifar ƙanana, ƙanana suna haifar waɗanda suka fi su ƙanƙanta, ya san ba mai iya bin ko wanne da alƙalami. Haka tafasar tauraro ta ke.

Dabarar da aka yi ta fito daga wajen Ludwig Prandtl, wani malami a Gottingen ta Jamus, wanda aikinsa binciken gudun iska da ruwa ne. A 1925 ya ce a bar bin ko wane murɗi, a ɗauka kawai ko wane dunƙulen iska kamar falke ne. Ya ɗauki kayansa, watau zafi, ya yi tafiyar zango ɗaya, ya sauke, ya saje da mutanen wurin, wani falken ya ɗauka daga nan. In an san tsawon zango, an san yawan kayan da za su isa. Ludwig Biermann ya kai wannan dabara cikin taurari a 1932. Amma wadda ta tsara ta sosai har ta zama abin aiki ga kowa ita ce Erika Böhm-Vitense, a birnin Kiel, cikin takardu biyu da ta fitar a 1953 da 1958, daidai zamanin da azuzuwan Yaƙi da Jahilci ke yaɗuwa a Arewa. Ta rasu a 2017, tsarinta kuwa yana nan cikin mafi yawan lissafin taurari da a ke yi.

Sai dai akwai wani gurbi. Lissafin bai faɗi tsawon zangon ba. Masana su kan auna shi da wani tsani, watau nisan da mutum zai hau kafin dannin iska ya ragu zuwa kusan sulusi. A nan duniya wannan nisa kamar mil 5 ne. Zangon falke tsani nawa ne? Ɗaya, ko biyu, ko rabi? Wannan adadi suka sa masa suna alfa, da harafin farko na Yunananci, kuma ba wata ƙa'ida da ta ba da shi. Ga shi kuwa abin ba wasa ba ne, domin in zango ya yi tsawo, zafi ya kan fita da sauƙi, tauraron takarda ya tsuke, fuskarsa ta ƙara zafi. In zango ya gajarta, sai ya kumbura, fuskarsa ta huce ta yi ja.

Rana Ta Zama Mudu

A kasuwa, in gardama ta tashi tsakanin ma'auni da mai saye, a kan kawo mudun da kowa ya amince da shi a gwada. Masana taurari ma haka suka yi, rana ce mudunsu, domin ita kaɗai aka san nauyinta da faɗinta da ƙarfin haskenta da shekarunta gaba ɗaya. Shekarun an same su ne daga duwatsun da ke faɗowa daga sama, waɗanda aka yi su tare da rana. Clair Patterson na Amurka ya auna su a 1956 ya sami shekara miliyan 4,550, awon baya kuma ya kai shi kamar miliyan 4,570.

Ga yadda a ke gwajin. A kan gina jaririyar rana a takarda, a ba ta nauyin rana ta gaskiya, a zaɓi yawan hiliyam da za ta fara da shi, a zaɓi tsawon zango. Sa'an nan a tsofar da ita mataki mataki har shekara miliyan 4,570. In haskenta bai yi daidai da na rana ba, a gyara hiliyam. In faɗinta bai yi daidai ba, a gyara zango. A sake daga farko, a yi ta sakewa har ta fito daidai. Zangon da a kan samu yana tsakanin tsani ɗaya da rabi zuwa biyu. Shi ne kuma a kan ɗauka a auna sauran taurari da shi.

Da farko da hannu a ke wannan aiki, da ƙananan injunan lissafi na kan tebur. Haka Fred Hoyle da Martin Schwarzschild, ɗan Karl, suka bi rayuwar tsofaffin taurari a 1955, suka nuna yadda tauraro ke kumbura ya yi ja in haidirojin na tsakiyarsa ya ƙare. Martin ɗin nan ya cika aikin ubansa ta wata hanya kuma. A 1957 ya ɗaura madubi mai faɗin inci 12 a jikin balan-balan, ya aika shi sama ƙafa 80,000, inda iskar duniya ba ta girgiza hoto, aka ga ƙwayoyin shinkafa sarai, masu kusurwa kusurwa kamar tsagewar laka a fadama da rani. Daga wajen 1959 Louis Henyey ya shirya hanyar da kwamfuta za ta riƙa yin lissafin, aikin watanni ya koma na sa'o'i.

Ƙwanƙwasa Tulu

Amma mai hankali zai ce, wanda ya gyara mudunsa har ya yi daidai da amsar da ya riga ya sani, me ya tabbatar? Ana bukatar shaida ta dabam. Matar da za ta sayi tulu ta kan ƙwanƙwasa shi, daga amonsa ta san ko da tsaga a ciki. Rana ba a ƙwanƙwasa ta, amma tafasarta kan sa ta yi amo da kanta. A 1960 Robert Leighton, a Amurka, ya ga fuskar rana tana ɗagawa tana sauka ko wane minti 5. A 1975 Franz-Ludwig Deubner ya tabbatar amo ne da ke kai da kawowa a cikin jikinta. Ko wane amo yana da zurfin da ya ke kaiwa, saboda haka da aka tara dubbansu aka iya jin cikin rana hawa hawa.

A 1991, shekarar da aka kafa Jihar Jigawa, Jørgen Christensen-Dalsgaard na Denmark da abokan aikinsa biyu suka ba da sakamako. In an kasa tazarar tsakiyar rana zuwa fuskarta kashi 1,000, gindin tafasa yana kan kashi 713. Watau zurfin tukunyar ya kai kimanin mil 125,000. Rana ta takarda da aka gyara sosai ta ba da kusan wannan adadi, masana suka yi murna ƙwarai.

Murnar ba ta daɗe ba. Tun wajen 1982 Åke Nordlund, daga baya tare da Robert Stein, suka fara sa kwamfuta ta bi tafasar kanta a cikin ɗan yanki na fuskar rana, ba tare da zancen zango ba. Hoton da ya fito ya yi kama da na gaskiya, amma ya nuna ba fatake ba ne ke sauke kaya zango zango. Iska mai zafi tana tasowa a hankali da faɗi, mai sanyi kuwa tana zubowa ƙasa da sauri ta siraran hanyoyi. A 2005 Martin Asplund da abokansa suka yi amfani da irin wannan lissafi suka sake auna sinadaran rana, suka sami oksijin da kabon sun gaza yadda a ke zato a dā ƙwarai. Da aka sa sabon awon cikin rana ta takarda, sai gindin tafasarta ya ƙi zama a kan 713. Gardamar nan har yanzu masana suna kanta.

An kuma gano mudun rana ba ya auna ko wane hatsi. Akwai wani tauraro mai haske da a kan gani can ƙasa ƙasa wajen kudu da almuru a farkon damina, Alfa Kentauri. A madubi taurari biyu ne masu kewaya juna, an san nauyinsu da faɗinsu, kuma da aka gwada su ko wanne ya nemi zangonsa dabam. Madubin Kepler da aka harba sama a 2009 ya saurari amon dubban taurari, shi ma ya nuna tsawon zango yana sākewa bisa ga irin tauraron.

Shekarun Kaza

Amfanin wannan wahala duka shi ne sanin shekarun taurari, domin ba a rubuta wa tauraro ranar haihuwa ba, sai ta lissafin nan. Kaza kanta misali ce. Ido yana ganin 'ya'ya shida ko bakwai, amma sun fi 1,000, an haife su lokaci guda, haskensu kuwa ya kan yi shekara kamar 440 a hanya kafin ya iso Kaugama. Manyan cikinsu sun ninka rana nauyi sau da yawa, kuma irin waɗannan a tsakiya su ke tafasa, bayansu a natse, akasin rana. In tafasar ta tsaya daidai iyakar da ƙa'idar 1906 ta yanka mata, shekarun Kaza ba su wuce kamar miliyan 80 ba. In kuwa tana zarce iyaka kaɗan, kamar dokin da aka ja wa linzami bai tsaya nan take ba, to, tana jawo sabon makamashi zuwa murhu, tauraron ya ƙara tsawon rai, shekarun su haura miliyan 100.

Ƙananan 'ya'yan ne suka raba gardamar. Su daga tsakiya har fuska su ke tafasa, kamar yadda Lane ya zaci rana. A jikinsu akwai wani sinadari, litiyam, wanda ke ƙonewa a zafin awo miliyan biyu da rabi. Da zarar tsakiyar ƙaramin tauraro ta kai wannan zafi, tafasa ta kan kwaso litiyam ɗinsa duka ta kai wuta. Mafi ƙanƙanta sun fi jinkirin kaiwa. Saboda haka in an jera su bisa girma, aka ga inda litiyam ya ƙare da inda ya saura, an sami agogo. A 1998 John Stauffer da abokansa suka yi wannan awo da babban madubin Keck a tsibirin Hawai, suka sami kimanin shekara miliyan 125. Wannan ya goyi bayan masu cewa tafasa tana zarce iyaka.

Shekara miliyan 125 abu ne mai yawa ga ɗan Adam, amma rana ta ninka haka sau 36. Watau a cikin taurari Kaza da 'ya'yanta duka 'yan tsaki ne. Manomin Kaugama da ke fita da asuba cikin watan Yuni ya dubi gabas don ya san ko lokacin shuka ya yi, taurarin da ya ke dubawa su ne masana suka riƙe don gyara mudunsu, tukunyar da aka ɗora masa kunu a gida kuwa tana yin abin da ke gudana a cikinsu.